ARON KEKEN ƊINKI

Idan watan Disamba ya kama a Paraku, iskar hunturu takan sauko daga arewa da ƙura, masu ɗinki kuwa ba su da barci. Daga bakin kasuwar Arzeke har cikin lungunan Zongo ana jin ƙarar keke har tsakar dare, gama kowace uwa tana so 'ya'yanta su shiga sujadar Kirsimati da sabuwar riga. Telolin bakin titi aiki ya yi musu yawa. Waɗansu sun daina karɓa, waɗansu kuwa suna ta karɓa suna ba da alkawarin da su kansu sun san ba za su cika ba. A irin wannan lokaci ne akan yi sallama a ƙofar macen da take da keke a ɗaki, a ce mata, "Yaya, don Allah a ara mini kekenki na kwana biyu, in haɗa wa yara 'yan riguna."

A ɗauki misalin mace irin wadda ba a rasa ta a ikkilisiyoyin Paraku da Jugu. Ta yi shekara uku ko huɗu tana koyon ɗinki a hannun uwar ɗakinta. Ranar da aka yi bikin yaye ta, wanda a Benin ake kira liberasiyo, danginta suka haɗa kuɗin doya da na auduga suka saya mata keke. Ba ta buɗe shago ba, a gida take aiki. A watan Satumba tana ɗinka wa 'yan makaranta kaki, sauran watanni kuwa rigunan mata, da labule, da faci, da rage kayan gwanjo. Da wannan ake sayen sabulu da magani a gidan, da shi ake cika kuɗin makaranta in na maigida ya gaza.

Bara ta ba wata maƙwabciya aron keken. Ya dawo da godiya mai yawa, da kwanon ƙosai a kansa. Bayan mako biyu ya fara tsallake ɗinki yana tsinke zare, har ya ɓata mata atamfar wata mata. Mai gyara ya buɗe, ya iske man gyaɗa ya daskare a ciki, bakin ƙoshiya kuma ya ji rauni. Ita ta biya kuɗin gyara, ta ba mai atamfa haƙuri, ba ta kuwa ce wa maƙwabciyar kome ba, saboda kunya. Bana ga wata ta zo, 'yar'uwa ce a Zumuntar Mata, matalauciya ce kuma da gaske. In mai keke ta hana, za a ce ta yi rowa, zuciyarta ma za ta kāshe ta. In ta bayar, ta sa abincin 'ya'yanta a hannun wadda ba ta san keke ba. Me ya kamaci mai bin Almasihu ta yi?

Matsayin keke a gida

Kafin a amsa, ya kamata a san nauyin abin da ake roƙo. Tun fil azal keken ɗinki ya fi ƙarfin aljihun talaka. A Amurka Isaac Singer ya sami takardar mallakar ƙirar kekensa a 1851, amma a 1856 dole kamfaninsa ya soma sayarwa da biya kaɗan kaɗan, domin gidaje ba su iya biya gaba ɗaya. Baƙin keken nan mai zanen zinariya da aka saba gani a ɗakunan mata, ko Singer ne ko Butterfly na birnin Shanghai a ƙasar Sin, daga ƙetare yake zuwa, shi da allurarsa da ƙoshiyarsa. Kayan da aka sauke a Kwatano sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 400 kafin su iso Paraku, inda layin dogo ya tsaya tun 1936, sa'an nan su ƙara kimanin kilomita 135 zuwa Jugu. Tsofaffin masu ɗinki ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya. Mata da yawa a lokacin suka gane cewa keken da yake hannunsu shi ke nan, in ya mutu ba su da halin wani.

Shari'ar Musa ta san irin wannan abu. A Maimaitawar Shari'a 24:6 an hana mai bin bashi ya karɓi dutsen niƙa jingina, ko da ɗan dutsen sama ne kaɗai, domin wanda ya ɗauke shi ya ɗauke abin da ran gidan yake rataye a kai. Ashe a gaban Allah kayan gida ba duka ɗaya suke ba. Akwai tabarma da kujera, waɗanda in sun tafi an yi rashin jin daɗi. Akwai kuma abin da in ya tafi tukunya ba ta hau wuta ba. Keken macen nan dutsen niƙanta ne. Wanda yake roƙonsa ya kamata ya san abin da yake roƙo, ita ma ba laifi ba ne in gabanta ya faɗi.

Ɓarnar da ba ta nuna kanta

Hausa ta bambanta rance da aro. Wanda ya ranci tiyar gero, wani geron zai mayar, ba wanda zai tambayi ƙwayoyin farko. Amma aro, abin da aka ɗauka shi ne zai dawo, yadda ya tafi. Da turmi ko babbar tukunyar biki wannan ba wuya, gama in ta fashe kowa ya gani a ƙofar gida. Keke ba haka yake ba. Yakan dawo yana sheƙi alhali ciwo yana ciki, sai bayan kwanaki ya bayyana, lokacin da ba wanda zai iya cewa ga hannun da ya jawo shi.

Dalilin yana cikin yadda keke yake ɗinki. Allura takan sauka da zaren sama ta huda yadi. Da ta fara tashi, zaren yakan yi 'yar zarge a bayanta. A daidai wannan ƙiftawar ido sai tsinin ƙoshiya ya kama zargen ya kewaya da shi bayan kwarkwaro, zaren sama da na ƙasa su sarƙe. Tazarar da take tsakanin allura da tsinin ƙoshiya kamar kaurin takarda ce. Saboda haka allurar da ta ɗan lanƙwashe, wadda ido ba ya ganin lanƙwasarta, takan riƙa bugun tsinin nan sau ɗaruruwa a minti guda har ta yi masa kaushi. Daga nan zare ya dinga tsinkewa.

Me yake lanƙwasa allura? Jan yadi da hannu daga baya don a yi sauri, maimakon a bar haƙoran keke su tafi da shi. Ko bin kan fil. Ko ɗinka kaki ninki huɗu da allura mai lamba 11 ko 14, wadda aka yi don yadi marar nauyi, alhali aikin na lamba 16 ne ko 18. Allurar keken gida kuma tana da gefe ɗaya shafaffe wanda yake da wajen da yake fuskanta, in an juya shi keke sai tsallake. Mai koyo in ta ga ɗinki bai yi kyau ba takan kai hannu ga abin ɗaure zaren sama ta yi ta murɗawa, ko ta sa bakin wuƙa ta taɓa ɗan ƙusan gidan kwarkwaro, ta ɓata daidaiton da mai keke ta yi watanni tana lallaɓawa.

Sai batun mai. Keke yana son mansa na musamman, fari, marar kauri, ɗigo ɗaya a kowane rami. Man gyaɗa da manja da man kaɗe sukan sa ya yi laushi kwana kaɗan, daga baya su yi danƙo su kama ƙura, sai an wanke da kananzir. Baƙin man mota ya yi kauri, yana kuma ɓata yadi. A ƙasar da hunturu yake cika ɗaki da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, damina kuma take kawo tsatsa, keken da aka bari a buɗe dare ɗaya ya sha wuya. Ga kuma hanya: kan keken da aka ɗaura a bayan babur aka bi da shi ramukan unguwa ba ya isa yadda ya tashi. Har almakashi ma, da yara sun yanka takarda da kwali da shi, ya daina cin yadi.

Abin lura shi ne, duk waɗannan ba mugunta ba ce. Wadda ta zuba man gyaɗa alheri ta yi nufi, ta ji keke yana kuka ta ba shi abin da take da shi. Mai aro takan mayar da keke da zuciya fari, ta tabbata ba ta ɓata kome ba. Wannan ne ya sa maganar take da wuya, domin akwai hasara ta gaske amma ba mai laifin da ya san kansa.

Amsoshi uku masu sauƙi

Amsa ta fari ita ce a bayar kawai, kome zai faru ya faru. Masu wannan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi. A Matiyu 5:42 Ubangiji Yesu ya hana almajiransa su kori wanda ya zo neman aro, a Luka 6:34-35 kuma ya nuna cewa ba da rance ga wanda ake sa zuciya zai biya ba wani abin yabo ba ne, kowa ma yana yi. Ba wanda ya isa ya rage wa wannan magana kaifi. Amma ya kamata a tambaya, wa zai ɗauki hasarar? In ta mai keke ce ita kaɗai, tana da iko ta sadaukar. Sai dai a kan teburinta akwai atamfar mutane da ta karɓa da alkawari, alkawari kuwa kaya ne. Akwai 'ya'yanta, waɗanda 1 Timoti 5:8 ya ɗora mata nauyinsu da kalmomi masu zafi. Kyautar da mutum ya yi da abin da yake amana ne a hannunsa ba ta cika kyauta ba.

Amsa ta biyu ita ce a hana kowa, a huta. Akwai matan da suka yi wa kansu wannan doka bayan sun ƙone sau ɗaya, ba wuya a gane dalilinsu. Amma doka irin wannan takan fara da tsare keke ta ƙare da tsare zuciya. Mace ta saba da cewa a'a tun mai roƙo bai rufe baki ba, har ta daina duban ko wane ne a gabanta, ko mene ne ya kawo shi. Keken da dangi suka haɗa kuɗi suka saya, wanda wata ta yi shekaru tana koya mata sarrafa shi, ba ita ta ba kanta ba. Abin da ya zo ta hannun mutane da yawa bai kamata ya tsaya a hannu ɗaya ba.

Amsa ta uku ita aka fi yi, ita ce kuma ba a faɗa a taron Zumunta. Mai keke takan yi murmushi ta ce, "Wayyo, da ma kin zo jiya, keken ba shi da lafiya," ko kuwa, "Maigida ya hana." Ba ta bayar ba, ba ta kuma ɓata wa kowa rai ba, ga alama an rabu lafiya. Amma keke ba ya aiki a ɓoye, ƙararsa tana tsallake katanga. Ko ta kulle shi kwana biyu ta yi hasarar aikinta don ƙaryar ta tsaya, ko ta taka shi da dare maƙwabciya ta ji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wadda aka hana da gaskiya takan ji zafi na yini ɗaya. Wadda aka hana da ƙarya ta koyi cewa maganar 'yar'uwarta ba abin dogara ba ce, wannan kuwa ba ya warkewa da wuri. A cikin amsoshin nan uku, wannan ce ta fi kama da ladabi, ita ce kuma ta fi ɓarna.

Abin da shari'ar aro ta koyar

A Fitowa 22:14-15 akwai 'yar gajeriyar doka wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba. Maganar dabbar aiki ce da mutum ya ara a wurin maƙwabcinsa, ta ji ciwo ko ta mutu. Dokar ta raba al'amarin uku. In mai dabbar ba ya wurin, wanda ya ara zai biya. In mai ita yana tare da ita, ba biya. In kuwa haya aka yi, kuɗin hayar ya ɗauke hasarar. Wani zai ce wannan maganar sa ce da jaki, masu bi kuma ba a ƙarƙashin shari'a suke ba. Gaskiya ne, amma Manzo Bulus kansa ya ɗauki dokar takunkumin sa ya koyar da ikkilisiyar Koranti da ita. Hikimar da take ciki ba ta tsufa ba.

Abu na fari da dokar ta nuna shi ne, Allah bai ɗauki hasarar mai ba da aro a kan ƙaramin abu ba. Bai ce tun da alheri ta yi niyya sai ta haɗiye ba. Na biyu kuwa, ya buɗe wata ƙofa wadda amsoshin nan uku ba su gani ba, wato mai abu ya bi abinsa. Sa'ad da mai sa yake gona tare da sansa, shi ya san lokacin da ya gaji, shi zai ce a dakata. Haka mai keke. Tana iya cewa, "Keken ba ya fita ɗakin nan, amma ki zo da yadinki gobe bayan azahar, mu zauna tare."

Kada a ɗauka wannan dabara ce ta hanawa cikin ladabi. Ita ce ta fi tsada a wurin mai keke. Miƙa keke ta ƙofa minti biyar ne. Zama da mai koyo kuwa yakan cinye yamma ɗungum, a makon da kowace sa'a kuɗi ce. Za ta sa mata allurar da ta dace, ta nuna mata yadda ake zura zare, ta riƙe mata hannu har ta daina jan yadi, watakila ma ta ƙarasa mata wuyan riga, wanda shi ne mai wuya. Abin da 'yar'uwar ta zo nema da ma rigunan yara ne, keke hanya ce kawai. Ta wannan hanya ta sami rigunan, masu kyau kuwa, ta kuma tafi da abin da ba za ta mayar ba, wato sani. In aka yi haka sau uku ko huɗu, ranar tana zuwa da za a iya ba ta keken a bar ta ita kaɗai, domin ta zama wadda ta san kukansa.

Kashi na uku na dokar ma yana da amfani. Tsakanin masu bi akan ji kunyar maganar kuɗi, sai a bar ta, daga baya a yi gunaguni. Ba abin kunya ba ne mai aro ta zo da allurarta da zarenta, ko ta ajiye ɗan abin sayen mai. Wadda take ɗinkin sayarwa da keken wata, ya kamata a yanka haya a fili tun farko. Tsofaffin fataken goro da suka riƙa bi ta Nikki da Paraku da Jugu, wadda suke kira Zugu, a hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja, sukan bar kaya a hannun fatoma a zango su yi watanni. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne an san abin da aka ajiye, an san ladan mai ajiya, an faɗa a gaban shaidu. Faɗin sharaɗi bai kashe amana ba, shi ya sa ta daɗe.

Akwai kuma ranar da amsar gaskiya ita ce a'a. In kayan mutane sun taru, kwana uku ya rage, mai keke tana da iko ta ce, "Wannan mako ba zan iya ba, na riga na yi alkawari." Ta faɗi haka a fili, ba tare da ta ɗora wa keke ciwon da ba shi da shi ba. Sa'an nan ta duba abin da za ta iya: ta yanka mata yadin, ko ta nuna mata ɗinkin hannu. Ɗaura maɓalli, da kalmasa, da faci, da rage ƙugun siket, duk allurar hannu tana yi, kome ƙanƙantar allura kuwa ƙarfe ce.

Wajibin mai aro

Wa'azi yakan faɗa a kan mai abu, a bar mai roƙo kamar ba shi da nasa kaya. Littafi Mai Tsarki bai bar shi ba. A 2 Sarakuna 6 almajiran annabawa suna saran itace a bakin Urdun, sai ruwan gatarin ɗayansu ya fice ya faɗa kogi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne gatarin na aro ne. Bai yi shiru ya mayar da ƙota ya ce haka aka ba shi ba. Nan take ya yi kuka ga Elisha, ya nuna daidai inda ya faɗa. Allah kuwa bai raina damuwarsa ba, ya sa ƙarfe ya taso. Mu'ujizar ta biyo bayan faɗin gaskiya da nuna wuri.

Saboda haka mai aron keke tana da abin da ya wajaba a kanta. Ta roƙa da wuri, tun Nuwamba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ta tambayi abin da ba ta sani ba maimakon ta gwada. Kada ta zuba wani mai, kada ta murɗa wani ƙusa, kada ta ba wata ta uku. In ta gama ta share ƙurar zare da takan taru a ƙarƙashin haƙora, ta sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar keke, ta rufe shi. Mafi girma duka, in allura ta karye, ko ta ji wani ƙara da ba ta saba ji ba, ko yaro ya taɓa, ta faɗa. Allurar da aka ce ta karye, canji ɗaya ne. Wadda aka ɓoye, ita take cin ƙoshiya. In ɓarna ta fito, ta ɗauki rabonta na gyara gwargwadon ƙarfinta, ko da aikin hannu ne. A Luka 16:12 Ubangiji ya sa aminci cikin kayan wani ya zama ma'aunin ko mutum ya isa a ba shi nasa. In kuma an ce mata a'a da gaskiya, kada ta kai maganar bakin rijiya.

Wannan ya shafi keken ikkilisiya ma. Sau da yawa Zumuntar Mata takan tara kuɗi ta sayi keke don gwauraye da 'yan mata su koya, bayan shekara biyu a same shi a kusurwar ɗakin ajiya, bel ya tsinke, tsatsa ta kama. Kowa ya taka, ba wanda ya zuba mai, domin na kowa ne. Dokar Fitowa ta nuna maganin: kowane keke ya kasance da mai shi. A sa mace ɗaya wadda ta iya, a ba ta makulli da ɗan kuɗin mai da allura, a rubuta wadda ta yi aiki da ranar da ta yi.

Hasarar da za ta rage

Duk da haka ba a kawar da hasara ɗungum. Wata rana mai keke za ta tashi duba tukunya, allura ta karye. Wata rana wadda ta ɓata ba ta da ko dala, gyara ya koma kan mai keke. A nan ne maganar Luka 6 take samun wurinta na ainihi. Mai bi tana yafewa, ba ta bin matalauciya bashin ƙoshiya. Amma yafewa dabam take da yin shiru. Macen nan da ta biya gyaran bara ba ta ce kome ba, ba yafewa ta yi ba, ajiyewa ta yi, shi ya sa bana gabanta yake faɗuwa, shi ya sa kuma gaisuwarta da maƙwabciyar ta yi sanyi ba tare da waccan ta san dalili ba. Matiyu 18:15 ya nuna a je wurin mutum a keɓe. Da ta je ta ce, "Man gyaɗa ba ya yi wa keke, ga abin da ya faru, amma na ɗauke miki," da maƙwabciyar ta koyi abu, da ita ma ta sauke kaya. Galatiyawa 6 ta haɗa abu biyu a wuri ɗaya, ɗaukar nauyin juna da ɗaukar kayan kai. Maganar keke tana bukatar dukansu.

A Jugu, inda yawancin mutane Musulmi ne, masu bi kuwa kaɗan, wadda take sallama a ƙofa sau da yawa ba 'yar ikkilisiya ba ce. Aikin SIM a arewacin Dahome ya fara a 1946, Katolika kuma sai a 1995 Jugu ta sami bishop nata. Ikkilisiya ƙarama ce a can, maƙwabta suna karanta ta a zaman gida fiye da a wa'azi. Mace Kirista da aka sani ba ta ƙarya a kan kekenta, ba ta kuma kori kowa ba tare da ta nemi hanyar taimako ba, ta ba da shaida wadda unguwa take ganewa. Kafin Salla ita za ta zauna da maƙwabciyarta su haɗa kayan yara, kafin Kirsimati watakila ita ce za ta je neman aron dutsen guga.

A Ayyukan Manzanni 9, da Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka suna nuna masa tufafin da ta ɗinka. Abin da ya tsaya mata shaida ke nan, riguna a jikin mutane. Kowace riga kuwa ta fito ne daga allurar da aka adana da hannun da ya ba da lokacinsa. Kula da kayan aiki da jinƙan matalauta ba su yi faɗa a ɗakin Dokas ba.

Saboda haka, sa'ad da aka yi sallama a ƙofar macen nan ta Paraku, ba lalle ne ta zaɓi tsakanin 'ya'yanta da 'yar'uwarta ba. Tana iya shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta ruwa, ta gaya mata abin da ya faru bara ba tare da ta kama suna ba, sa'an nan ta ce, "Ƙanwata, keken ba zai fita ba. Yau da gobe ina da kayan mutane. Jibi da yamma ki zo da yadin da yaran, mu auna su. Ki taho da allura lamba 14 guda biyu." In sun gama a ranar, ta miƙa mata tsumma da kwalbar mai, ta nuna mata ramukan ɗaya ɗaya, su rufe keken tare.